Ranar da muka biya kuɗi don ganin malam-buɗe-littafi

Tun da karatu ya kawo ni Ingila tare da iyalina, babu lokacin da ke gwada haƙurina da yara kamar hutun mako guda da makarantu ke bayarwa a tsakiyar watan Fabrairu. Sanyi yana kan ganiyarsa, rana tana faɗuwa da wuri, gidan da muke haya a Birmingham kuwa ba shi da tsakar gida, balle ƙofar gida inda yaro zai fita ya yi ta tsalle har ya gaji. Uwargida ce ta kawo shawarar mu kai su gidan malam-buɗe-littafi da ke garin Stratford, ni kuwa da na ji sai dariya ta kama ni, na tambaye ta ko da gaske take mu sayi tikitin jirgin ƙasa na mutum biyar, mu kuma biya kuɗin shiga, domin kawai mu kalli ƙwaron da muka taso muna kora da hula a bayan gari. Ta ce ko ba don ƙwaron ba, ta ji an ce wurin akwai ɗumi, ita kuma ta yi wata huɗu rabonta da ta yi gumi. Wannan hujjar ce ta kayar da ni.

Daga tashar Moor Street jirgi bai cika awa ɗaya ba ya sauke mu. Stratford gari ne da baƙi ke cika saboda shahararren marubucin wasan kwaikwayon nan William Shakespeare da aka haifa a cikinsa a 1564, amma mu ba wajensa muka zo ba, don haka muka ratsa tsakiyar gari muka haye kogin Avon ta wata tsohuwar gadar bulo da aka gina a 1823 domin kekunan da dawaki ke ja a kan dogo, wadda yanzu masu tafiya a ƙasa kaɗai ke bi. Daga saukowa gadar kaɗan sai ga wurin, kuma daga waje babu abin da ya bambanta shi da manyan ɗakunan gilashin da manoman nan ke rainon tumatir a ciki.

Ana shiga ne ta ƙofa mai labulen roba, domin kada abin da ke ciki ya fita, kada kuma sanyin waje ya shiga. Ina ɗaga labulen tabarauna ya rufe da raɓa, ban ƙara ganin komai ba, sai dai hancina ya shaƙi wani ƙamshi da na daɗe ban ji ba, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, irin na fadama a tsakiyar Agusta. Irin waɗannan gidaje ana riƙe zafinsu ne a wajen digiri 25 zuwa 28, iskar kuma a cike take da laima, saboda ƙwarin na ƙasashe masu zafi ne, kuma ba su iya ɗumama jikinsu da kansu kamar mu. Idan sanyi ya kama su, tashi ma gagararsu yake yi. Kafin in goge tabarau na mayar, yara sun tuɓe rigunan sanyi sun jibga mini a hannu, uwarsu kuwa ta tsaya ta lumshe ido tana cewa alhamdu lillahi. Da idona ya washe sai na ga itatuwan ayaba, da wani tafki mai manyan kifaye masu launi, da ruwa yana gangarowa daga kan duwatsu, sannan ta kowane ɓangare abubuwa suna ta shawagi, wasu a saitin fuska, wasu can sama kusa da rufi, ba ka san wanda za ka fara bi da ido ba.

Yaran nan uku kowa da yadda ya karɓi abin. Namijin, mai shekara shida, tun daga bakin ƙofa ya ɗauki abin farauta ce, ya miƙa hannu ya bi wani shuɗi da gudu, sai da na riƙo wuyan rigarsa. Auta, wadda ba ta cika shekara huɗu ba, wani ya gifta ta gefen kunnenta ta ƙwalla ƙara ta maƙale a zanin uwarta, kuma kusan rabin awa ta yi tana leƙen duniya ta bayan mayafi. Babbar, mai shekara tara, ba ta ce komai ba. Ta sami wani benci kusa da furanni ta zauna, ta ɗora hannuwanta a gwiwa. Ita ce kuwa ta fara samun abin da ƙanenta ke ta haƙilo a kai, domin ba a jima ba wani fari mai zanen baƙi, mai tashi a hankali kamar takardar da iska ta ɗauka, ya zo ya sauka a kan jan ɗankwalinta. Ta kasa motsi, ta kira ni da ƙaramar murya: "Abba, yana nan? Kada ka matso da sauri." Ƙanen ya tsaya yana kallo cike da kishi, ya ce ai shi ya fi ta son su, me ya sa ba su zuwa wajensa. Na ce masa ya je ya zauna kusa da Yaya ya gani. Ya zauna, amma zaman bai kai minti biyu ba.

Shuɗin da ya ruɗe shi sunansa Morpho, daga dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake, kuma idan ya buɗe fikafikai ya kai faɗin tafin hannun babban mutum. Ban taɓa ganin shuɗi irin wannan ba, ko a shadda mai tsada da ta sha bugu, domin yana walƙiya ne yana ɓacewa yayin da ƙwaron ke tafiya, kamar ana kunna fitila ana kashewa. Dalilin haka shi ne bayan fikafikan ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigo kamar idanu, saboda haka duk lokacin da ya rufe sai shuɗin ya ɓace, tsuntsun da ke binsa ya rasa inda ya shiga. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu rini shuɗi ko kaɗan a jikinsa. Fikafikan lulluɓe suke da 'yan ƙananan ɓamɓaroki da aka jera kamar rufin kwano, a kan kowanne kuma akwai wasu siraran layuka da ido ba ya gani, waɗanda ke mayar da hasken shuɗi kaɗai zuwa ga mai kallo. Na yi ƙoƙarin yi wa yaran bayani da misalin launukan da ke fitowa a kan kumfar sabulu, babbar ta gane, namijin kuwa ya ce shi dai a ba shi ɗaya ya tafi da shi gida. Na ɓata lokaci mai yawa ina neman hoton Morpho a buɗe, duk wanda na ɗauka sai ya fito ruwan ƙasa.

A wasu kusurwoyi an ajiye faranti da yankakkiyar ayaba da abarba da lemo waɗanda suka fara lalacewa, kuma a nan ne yaro zai iya kallon ƙwaron da kyau, domin idan suna sha ba su damu da kowa ba. Waɗanda suka fi yawa a kan farantin manya ne masu duhu, kowane fiffike da ƙaton zane kamar idon mujiya, har da sunan mujiyar ake kiransu. Muka durƙusa ni da namijin muka ga yadda bakin yake: wani siririn bututu ne da ke naɗe kamar gammo a ƙarƙashin kai, idan za a sha sai a warware shi a tsoma. Ba su da haƙori, ba su tauna komai, abin ruwa-ruwa kaɗai suke zuƙa. Da na gaya masa cewa da ƙafafunsu suke ɗanɗana abinci, kuma macen takan taka ganye ta ɗanɗana shi kafin ta yarda ta saka ƙwai a kai, sai ya dube ni irin kallon da yake yi mini idan ya zaci ina tsokanarsa. Ya je ya tambayi wata ma'aikaciyar wurin da ke ban ruwa, ta tabbatar masa, ya dawo yana ba ni labari kamar shi ya gano.

Doka ɗaya ake nanatawa a wurin, wato kada a taɓa su, kuma ita ce dokar da ta fi wuya ga yaro. Na tuna muna yara idan muka kama malam-buɗe-littafi, wani gari mai laushi yakan rage a yatsunmu, mu shafa a goshi muna wasa. Garin nan ɓamɓarokin fikafikansa ne, kuma idan sun goge ba su sake tsirowa. Ban ɓoye wa yaran cewa na yi wannan ɓarnar ba, kuma na lura ikirarin ya fi duk wani gargaɗi tasiri, domin daga nan namijin ya naɗa kansa ɗan sanda, yana bin mu yana cewa a duba ƙasa kafin a taka, tun da wasu sukan sauka a kan hanya su sha ruwan da ya taru.

Inda muka fi daɗewa, kuma inda nake ganin kuɗinmu ya fita, wani akwatin gilashi ne da mutane da yawa ke wucewa ba su tsaya ba. A cikinsa an jera sanduna, a jikin kowace sanda an manna kwansuna suna reto layi-layi, wasu kore kamar ɗanyen wake, wasu kamar busasshen ganye, wasu kuma suna ƙyalli kamar 'yan kunnen zinariya a shagon maƙera. A cikin kowane kwanso akwai tsutsar da ta gama cin ganyenta ta rufe kanta, jikinta yana narkewa ana sake gina shi, kuma a yawancin irin da ke nan abin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Babbar ce ta lura da wani da ya yi duhu, har ana hango zanen fiffike ta cikin fatarsa, ta ce mu jira. Muka jira. Na duba agogo sau uku, Auta ta fara ƙorafin yunwa, uwarta ta fita da ita ta dawo, ni ma har na fara cewa mu tafi, sai kwanson ya tsage daga ƙasa. Abin da ya fito bai yi kama da malam-buɗe-littafi ba ko kaɗan: ciki ƙato a kumbure, fikafikai a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse, yana ta laluben inda zai kama da ƙafafu. Namijin ya ce, "Abba, wannan ya lalace." Ya rataye kansa a jikin ɓawon da ya fito, kai a sama fikafikai a ƙasa, ya shiga tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fikafikan, muna kallo suna miƙewa kaɗan-kaɗan, cikin yana raguwa, har suka baje sumul kamar an yi musu guga. Bututun bakin ma a rabe biyu yake fitowa, sai ya yi ta naɗewa yana warwarewa har ɓangarorin su haɗe. Wani ɗigon ruwa mai duhu ya faɗo daga jikinsa, Auta ta ce jini ne, aka gaya mana ragowar dattin da ya taru ne lokacin da yake rufe. Bayan haka yana bukatar awa ɗaya ko biyu kafin fikafikan su bushe ya iya tashi, wannan kam ba mu jira ba. Uwargida, wadda ta zo neman ɗumi kawai, na ji tana ta maimaita tasbihi a hankali, kuma tun daga lokacin Auta ta saki zaninta.

Na tambayi inda ake samo kwansunan, domin na san ba a dajin Ingila ake tsinto su ba. Duk Birtaniya nau'in malam-buɗe-littafi 59 ne kawai ake lissafawa, alhali Najeriya tana da fiye da 1,000. Ashe sana'a ce sukutum. Manoma a Kosta Rika da Filifin da Kenya da Tanzaniya da wasu ƙasashe suna kiwon tsutsotsin a kan ganyen da kowane iri ke ci, idan sun zama kwanso a shimfiɗa su cikin auduga a akwati, a saka a jirgin sama, kuma dole su iso cikin 'yan kwanaki kafin su ƙyanƙyashe a hanya. Shi wannan gida an buɗe shi a 1985, wanda ya kafa shi kuwa, Clive Farrell, shi ne ya buɗe irinsa a Syon Park da ke Landan a 1981, kuma gidan yana da alaƙa da wata gona a ƙasar Beliz da ke turo masa Morpho. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Kenya, inda tun 1993 wani shiri mai suna Kipepeo, wato malam-buɗe-littafi da harshen Suwahili, yake sayen kwansuna daga mutanen ƙauyukan da ke kewaye da dajin Arabuko-Sokoke. Hikimar ita ce mutumin da yake samun kuɗin cefane daga ƙwarin daji ba zai so a sare dajin ba. Ina da ɗan shakku game da duk wani ciniki da talaka ke kiwo mai kuɗi ke kallo, kuma na tabbata kaso mafi tsoka ba a ƙauyen yake tsayawa ba, amma ban ga aibin sana'ar da ke sa a bar itace a tsaye ba.

Daga nan muka shiga ɗakin tsutsotsi, inda uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ita a nan za ta jira mu. A nan ne abin ya juyo kaina. Tun a babban ɗakin na ga wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro, bakin fikafikansa baƙi da ɗigon fari, na ce wa yara wannan kam na san shi, irinsa ne ke yawo a bayan gidanmu, sai dai namu na gida fikafikansa na baya farare ne. Da na karanta bayaninsa sai na ga sunansa na kimiyya Danaus chrysippus, kuma cikin ganyayen da tsutsarsa ke ci har da wani da hotonsa ya sa na yi tsaye cik, domin tumfafiya ce. Tumfafiyar nan da ke tsirowa a kan juji da kufai da bakin maƙabarta, wadda ko akuya ba ta cika kula ta ba, wadda iyaye ke gargaɗin kada nononta ya shiga ido. Tsutsar, mai zanen fari da baƙi da rawaya, takan ci ganyen ta tara dafinsa a jikinta, dafin ya bi ta har ta zama mai fikafikai, shi ya sa tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ya sha wahala ba ya marmarin na biyu, shi ya sa kuma yake tafiyarsa a hankali ba ya gudun kowa. Na san tsutsar nan sarai. Na sha kakkaɓo ta da kara in murƙushe da dutse, kuma a ranar guda in bi mai fikafikan ina roƙonsa ya buɗe mini littafi, ban taɓa kawowa a raina cewa abu ɗaya ne ba. An koya mana matakan nan huɗu a firamare, ƙwai da tsutsa da kwanso da babba, na haddace na ci jarrabawa, amma babu wanda ya taɓa fita da mu bayan aji ya ɗaga ganyen tumfafiya ya nuna mana, alhali tana nan a jikin katangar makarantar.

Ba ina cewa kowace tsutsa abar tausayi ba ce. Wanda ya ga abin da tsutsar tumatir ta yi wa manoman Kano da Kaduna a 2016, ko wadda ta shigo tana cinye masara a wannan shekarar, ba zai saurari wa'azin tausayin tsutsa ba, kuma yana da gaskiya; su ma 'ya'yan dangin nan ne masu fita da dare, irin waɗanda ke taruwa a fitila. Sai dai daga dangin nan ne kuma ake samun zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, wanda ake cirowa daga gidan da tsutsotsin daji ke saƙa wa kansu. Da na gaya wa babbar cewa aikin da ke wuyan tsohuwar rigar kakanta daga bakin tsutsa ya fito, sai ta yatsina fuska, daga baya kuma ta ce in mun je gida a nuna mata.

Sauran abubuwan mun bi ta kansu da sauri, domin yunwa ta fara cin yara. Akwai tururuwa masu yankan ganye da ke bin igiya a saman kawunan mutane, kowace da guntun ganye kamar tuta, suna kai wa gidansu inda suke noman wata irin fumfuna da shi, ita ce abincinsu. Akwai gizo-gizo da kunamu a bayan gilashi, waɗanda ban ga dalilin da zai sa ɗan Arewa ya tsaya kallonsu ba. Ga wanda zai kai nasa yaran, abin da zan ce kawai shi ne a sa musu tufafin da za a iya ragewa, a sa mai launi mai haske idan ana son a sauka a jikinsu, a je da safe, kuma a fara ciyar da su kafin a shiga.

Muna hanyar fita babbar ta ga wani a kwance a gindin fure, fikafikansa sun yage sun koɗe, ba ya motsi. Ta tambaye ni ko wani ne ya taka shi, na ce mai yiwuwa kwanansa ne ya ƙare, domin yawancinsu mako biyu zuwa huɗu kawai suke yi bayan sun fito daga kwanso. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To wanda muka gani ɗazu fa, kafin azumi ya mutu ke nan?" Na ce haka ne. Na shirya jin kuka, amma ba ta yi ba, sai ta ce mu koma ta sake dubansa. Muka koma muka tarar yana nan a rataye inda muka bar shi, ya buɗe fikafikan sau ɗaya ya rufe. A bakin ƙofa aka ce kowa ya duba bayansa da jakarsa kada wani ya bi mu waje, namijin ya duba kowa har sau biyu, ina jin da fatan a samu.

Da daddare muka kira Hajiya a waya, yaran suna ta ƙwace wayar daga hannun juna. Da ta fahimci inda muka je sai ta yi salati, ta sa aka ba ni, ta ce, "Yanzu kai da hankalinka ka ɗebi iyali a jirgi, ka biya kuɗin Turawa, don ku ga malam-buɗe-littafi?" Na ce Hajiya ayi haƙuri, har da neman ɗumi. Babbar ta karɓe wayar ta tambaye ta ko tumfafiyar bayan gida tana nan, Hajiya ta ce tana nan, dama tana shirin sa almajirai su sare ta kafin damina. Yarinyar ta ce don Allah kada a sare, akwai masu ita. Hajiya ta ce, "Ji kishiya da iko, kina can ƙasar sanyi kina raba mini gida." Suka yi ta ja-in-ja har aka daidaita a kan za a bar guda biyu na jikin katanga zuwa lokacin da za mu zo hutu, bisa sharaɗin cewa mai gidanta, wato namijin, zai zo mata da man zafi na ciwon gwiwa.